Tagulla a Murhun Baba

Magaji, a watan da ka fara zama mahaifiyarka ta sayo tukunya a Kasuwar Jalingo, ta ɗora a wuta, tukunyar ta tsage tun ruwa bai yi ɗumi ba. Tana goye da kai ta sauke ta, ta juya gindinta, ta yi tsaki ta ce, "Kai, ashe ƙarfen Nyabo na sayo." Da ta ɗago muka haɗa ido sai ta rufe baki da hannu, ta ce, "Yi haƙuri, Malam, baki ne ya riga ni." Ita da ta san labarin sarai ke nan. Na tabbata kai ma za ka tsinci maganar a bakin mutane tun kafin ka iya karanta wannan, domin a garin nan yanzu duk abin da ya yi kyau a ido ya ci amana wurin aiki, ƙarfen Nyabo ake ce masa. An gaya mini shekaruna ba su kai na mai rubuta tarihin rayuwarsa ba, kuma ban yi musu ba. Amma Baba ya rasu, Nyabo ya tsufa, maganar kuwa kullum ƙuruciya take ƙarawa. Saboda haka zan rubuta shekarar nan guda yadda ta kasance. Inda na gani da idona zan ce na gani, inda labari aka ba ni zan faɗa.

Mu maƙeran baƙi ne, wato masu aikin baƙin ƙarfe: fartanya, garma, lauje, gatari. Kakana daga Kano ya zo ya kafa maƙera a unguwar Sarkin Dawaki, Baba ya gaje ta, yayana Hamma Sale yana riƙe masa babbar masaba. Maƙeran fari, masu mundaye da zobba na tagulla da azurfa, suna can unguwar Majidaɗi da nasu murhun. Ana zumunci, ana auratayya, amma akwai doka guda a maƙerarmu wadda ta girmi Baba: tagulla ba ta shiga rumfar. Ko mai zobe ne ya zo gyaran fartanya, sai ya cire ya sa a aljihu kafin ya matso kusa da wuta. Shekarar da na dawo daga makarantar koyon sana'a ta gwamnati, da takardar shaida da littattafan rubutu guda uku da na cika da hannuna, wannan doka ce abu na farko da na sa wa ido.

"Baba, wai mene ne dalilin hana tagulla?"

"Haka na tarar."

"To shi wanda ka tarar a wurinsa, me ya ce?"

"Ya ce wuta tana da riƙo. Abin da ta ci ba ta mantawa."

Hamma Sale ya ajiye masaba yana dariya. "Injiniya, ɗauko littafi ka rubuta mana, kada ta tsere maka. In ya so ka aika wa Bature ya duba ko an sa waƙafi daidai."

Na yi dariya tare da su, amma a raina na riga na yanke hukunci cewa camfi ne. Ba zan ɓoye wannan ba.

Ƙarfen da muke ƙira a lokacin ba na kanti ba ne. Wani Bamumuye ne ke narka tama, wato dutsen ƙarfe, a can gindin duwatsun da ke gabas da gari, tafiyar wuni guda a ƙasa, ya kawo mana curi-curi duk bazara. Sunansa na gaskiya yana da harafin da bakinmu ba ya kamawa, sai muke ce masa Nyabo, shi kuma yana amsawa. Tun kafin a haife ni yake kawo wa Baba ƙarfe. Ba abin da ke tsakaninsu a rubuce. Nyabo kan zo da doya biyu a kan kayan, Baba kuma ba ya sayar da fartanyar farko ta shekara, ta Nyabo ce. In sun haɗu sai tsiya: Baba ya ce masa mai cin doya ba miya, shi ya ce wa Baba Bakano mai sayar wa uwarsa gishiri. Ni kuwa Ɗan Takarda yake ce mini. Sauran maƙeran garin ma a wurinsa suke saye, amma kowa ya san abin da suke jira: in Baba ya karɓa, ƙarfen shekara ya yi kyau ke nan.

Dole in yi maka bayanin aikin kaɗan, in ba haka ba ba za ka gane girman laifina ba. Ƙarfe ba abu guda ba ne dunƙule kamar yadda ido ke gani. Ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kamar tubalan katanga. In yana da sanyi ƙwayoyin ba sa son motsi, ka matsa masa ya taurare ko ya karye. In ya sha wuta sai su yi laushi, masaba ta baje su, zafi ya sake gina sababbi a gurbinsu, shi ya sa maƙeri zai yi ta duka ƙarfe yana miƙewa ba ya gajiya. Baba bai san wannan bayani ba, amma ya san launi fiye da malaman da suka koya mini. Gyaran tsohuwar fartanya ja kawai yake bukata, irin jan gauta. Curin Nyabo kuwa, da yake yana da ramuka da datti a ciki, sai an kai shi ya wuce ruwan goro, ya wuce ruwan ɗorawa, ya yi fari yana tartsatsi, sannan a sauke masa masaba ya haɗe ya zama jiki ɗaya. Ka riƙe wannan bambanci na ja da fari, domin a nan abin ya faru.

Lokacin an riga an kai gaisuwar neman auren mahaifiyarka. Ina so in ba ta munduwa, kuma girman kai ya hana ni zuwa Majidaɗi in sa a yi mini. Na ce wanda ya yi shekara uku yana koyon ƙarfe bai kamata ya sayi munduwa ba. Ina da wani tsohon kan famfo na tagulla da na zo da shi daga makaranta. Ranar Juma'a ba a ƙira a gidanmu. Da hantsi Baba da Hamma suka tafi gaisuwar mutuwa, daga can za su wuce masallaci. Na shiga rumfa, na hura wuta, na sa guntayen tagulla a wani ɗan kasko da na gina da yumɓu kwana biyu kafin nan, na dasa shi a tsakiyar gawayi, na kama zuga-zugi. Na san yumɓun bai gama bushewa ba. Na sani, na ce zai yi. Tagullar ta narke tana sheƙi, na miƙa awartaki zan ɗauko, kaskon ya ce ƙas, ya rabu biyu. Wutar ta tashi koriya shar, tsayin kamu guda, sannan ta koma yadda take. Da murhu ya huce na tsince abin da idona ya gani, na baje toka, na share rumfa, na yi wanka na tafi masallaci. A sahu ɗaya na yi salla da Baba.

Mako na gaba Nyabo ya sauko da ƙarfen shekara. Baba ya juya curi, ya buga ya saurari ƙararsa, ya karɓa. Ni ke zuga ranar da aka sa na farko a wuta. Ya yi fari yadda ake so, Baba ya fito da shi ya ɗora a uwar maƙera, Hamma ya sauke masaba sau ɗaya, sau biyu, a na uku gefen ƙarfen ya dare kamar ƙasar fadama a rani. Aka mayar, aka sake, ya ƙara tsagewa. Aka ɗauko wani curi, haka. A kwana huɗu mun ɓata bakwai, ba fartanya ko ɗaya, ga manoma sun fara leƙowa suna duban gabas, domin hadari ya soma haɗuwa. Abin da ya ɗaure wa Baba kai shi ne duk tsohon ƙarfen da aka kawo gyara lafiya yake fita. Na Nyabo kaɗai ke darewa. Ni na ga dalili tun ranar farko, ko in ce na zarge shi: a ja tagullar da ta nutse a gindin murhu tana kwance abinta, sai an kai wuta fari take narkewa ta tashi ta laƙe wa ƙarfe, ta bi tsakanin ƙwayoyinsa yadda ruwa ke bin tsakanin tubali. Masaba na sauka, katanga ta watse. Kuma ina ganin ɗan koren da ke lasar gefen harshen wuta. Hamma idonsa na kan masaba. Baba kuwa ganinsa ya fara raguwa, ban da haka ma, mutumin da ya shekara arba'in bai taɓa karya doka ba, ina zai san kamannin wutar da aka karya wa doka?

A rana ta biyar ya ajiye awartaki, ya share gumi da gefen riga, ya dube ni. Bai taɓa tambayata komai game da karatuna ba sai ranar.

"Isiyaku, kai da ka je ka koyo. A littafinku akwai abin da ke sa ƙarfe ya dare yana da zafi?"

"Akwai, Baba."

"Mene ne?"

"In farar wuta ta yi yawa a cikin tama, ƙarfen kan yi haka."

"Wato daga dutsen ne."

"Yana yiwuwa daga dutsen ne."

Na sha juya wannan amsa a raina. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikinta. Farar wuta, wato sinadarin nan mai ruwan ɗorawa da ake samu a dutse, tana sa ƙarfe ya dare a zafi, haka yake, haka kuma na rubuta a littafina na biyu. Amma a shafin nan dai, layi biyu a ƙasa, da hannuna na rubuta cewa jan ƙarfe da tagulla ma suna yin haka. Na karanta wa Baba layin sama na tsaya.

Ga abin da na gaya wa kaina: mai ilimi ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. Dalili biyu ne ke iya kawo wannan ciwo, ban san wanne ba ne, sai na gwada. Na je bayan gida, gindin tsamiya, na haƙa ƙananan murahu biyu, na ari tsohon zuga-zugi, na ɗebi gutsattsarin ƙarfen Nyabo da aka zubar. Murhu ɗaya na bar shi tsaf, ɗayan na jefa masa ƙwayar tagulla. Wanda ya fito daga mai tsabta ya haɗe, ya miƙe, na lanƙwasa shi kamar igiya bai nuna ko zare ba. Na ɗayan ya dare tun dukan farko. A wuni ɗaya amsa ta fito. Sai na ce gwaji ɗaya ba hujja ba ne, ƙila gawayin ne ya bambanta. Washegari na sauya gawayi. Na ce ƙila curin ne, na sauya curi. Na ja layuka a littafi, na rubuta rana da launi da yawan duka. Sau tara na yi, kwana goma sha ɗaya, amsa ba ta taɓa sauyawa ba. Hamma ya leƙo sau ɗaya ya ce, "Injiniya na dafa wa aljanu shayi," ya wuce. Yanzu na san abin da nake nema a gindin tsamiyar nan. Sakamako ɗaya nake fata, ko da guda ne cikin goma, wanda zai ba ni damar yin shiru.

Ana cikin haka ranar kasuwa ta zagayo, Nyabo ya sauko karɓar fartanyarsa ta farko, ya taho wa Baba da doya biyu. Baba ya sa muka ɗauki sauran curin a buhu biyu muka kai rumfar maƙera da ke kasuwa, muka zube a gabansa. Mutane suka taru. Nyabo ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka dare, ya daɗe yana dubawa, har ya sa harshe ya lasa.

"Habu, wannan ba ciwon dutse ba ne," in ji shi, yana kiran Baba da sunansa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya raba mace da namiji. "Dutse ɗaya, gawayi ɗaya, hannu ɗaya, tun kana da baƙin gemu. Ƙarfe nawa ba ta canza ba. Wuta naka ne ya ci wani abu. Mu je in gani."

Hamma ya tashi tsaye. "Murhun namu za ka je ka bincika? Ka kawo mana kashin maƙera a matsayin ƙarfe, sannan ka ce mu ne ba mu iya wuta ba?"

"Zauna, Sale," in ji Baba. Sannan ya juya ga Nyabo, muryarsa a ƙasa, amma kowa ya ji. "Murhuna yadda ubana ya bar mini yake. Yaron nan ya yi karatun ƙarfe wurin Turawa, ya ce farar wuta ce a dutsenka. Ban ce ka sani ba. Amma ba zan sayar wa manomi abin da zai karye masa a tsakiyar gona ba."

Nyabo ya ɗago ya dube ni. "Ɗan Takarda, haka ne?"

Littafin gwajin yana aljihuna a lokacin, da gwaji shida a ciki. Na ce, "Ban gama tabbatarwa ba."

Nyabo ya miƙe. Ya ɗaure buhunan, ya bar doyar nan biyu a inda ya ajiye su, ya tafi. Kafin azahar sauran maƙeran da suka saya a wurinsa sun fara mayar da nasu, har da waɗanda ba su ko gwada ba, har da wanda ya riga ya ƙera garma uku lafiya lau da shi. In Habu ya ƙi, wa zai karɓa?

Baba ya sayi tsoffin ƙarafan mota wurin wani ɗan kasuwa da ke kawo su ta garin Lau. Al'adar gidanmu ce in an sauya ƙarfe a sauya murhu, sai ya ce in kwashe tsohon in shafe sabo. Ni na haƙa. A ƙasan toka, daidai bakin inda iska ke fitowa, na tarar da su manne da kashin maƙera, dattin da ƙarfe ke bari a murhu: ƙwayoyin tagulla, manya da ƙanana, kamar ƙwan kifi. Na ɓamɓare na zuba a aljihu, na kwashe ƙasar na kai bola, na shafe sabon murhu da laka mai kyau. Washegari ƙarfen mota ya haɗe kamar ƙullin tuwo. A mako guda aka fitar da fartanya fiye da yadda aka saba. Hamma ya ce, "Ka gani ko? Da ma ƙarfen arnen nan ne." Haka ya faɗa, haka na rubuta, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da hannuna na gyara wutar, da gyaran kuma na rufe wa Nyabo ƙofa.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, Bafulatana ce ta nan ƙasar Muri, ba ta da yawan magana. Ita ke wanke mini riguna. Wata rana da la'asar ta aiko mini da fura, na ɗaga faifai, sai ga ƙwayoyin nan a jere a kansa, an wanke su tas suna ƙyalli. Na ɗauka na same ta a madafa tana tankaɗe.

"Dada, a ina..."

"A inda ka bar su." Ba ta ɗago ba. "Ni ban san ƙira ba. Amma na shekara talatin ina cire zobena in zan kai wa mijina ruwa."

"Ina so in gama tabbatarwa ne kafin in yi magana."

"To. Ka gama ɗin, sai ka zo ka gaya mini ranar, in sa a yi guɗa."

Na tsaya a ƙofar madafa har ta gama tankaɗe. Daga nan na wuce zaure, inda Baba ke zaune yana gyara ƙotar gatari. Na durƙusa, na buɗe hannu, na faɗi komai tun daga kan famfo har zuwa gindin tsamiya. Na miƙa masa littafin ma, ban san me ya sa ba, alhali ba ya karatun boko. Bai karɓa ba. Ƙwayoyin ya ɗauka, ya kai kusa da idonsa.

"Ranar da na tambaye ka, ka sani?"

"Ban tabbatar ba tukuna, Baba."

"Ban tambaye ka ko ka tabbatar ba. Ka san ka zubar da tagulla a murhuna?"

"Na sani."

"Shi ke nan. Da ka faɗi wanda ka sani, da ni na tabbatar maka da sauran kafin ka rufe baki."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ce in shirya, da asuba za mu hau dutse.

Ruwa ya riga ya sauka, hanya ta yi laka, Baba kuma gwiwarsa ba ta da lafiya. Sai bayan la'asar muka isa. Abin da na fara gani shi ne murhun narka tama, dogo kamar rumbu, gefensa guda ya rufta. An gaya mini duk shekara Nyabo kan yi masa jinka kafin damina. Bana bai yi ba. 'Ya'yansa biyu da ke taya shi sun tafi aikin hanya. Muka same shi a gonar doya. Ya kawo mana ruwa, ya shimfiɗa wa Baba fata, ya saurara har na gama. Ya karɓi ƙwayoyin ya juya su a tafin hannu, sai ya yi 'yar dariya.

"Ɗan ƙaramin abu haka. Na ce maka wuta ya ci abu, Habu."

"Ka faɗa. Na zo in ce ka yafe mini."

"Ni na yafe. Amma duba nan." Ya nuna duwatsun da ke kewaye da mu. "A kasuwa ka kashe ni, a dutse ka zo ta da ni. Dutse ba ta da kunne."

Baba ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai faɗa a inda ya faɗi ta farko, ya roƙe shi ya sauko. Nyabo ya girgiza kai, ya ce ƙafarsa ta manta hanyar. Da safe da za mu taho ya shiga ɗaki ya fito da curi guda, na ƙarshe da ya rage bayan ya rabar da sauran ga maƙeran ƙauye. Ni ya miƙa wa.

"Ɗan Takarda, an ce kana son gwaji. Gwada wannan. In ka gama tabbatarwa, ka aiko."

Ranar kasuwa muka kai uwar maƙera da zuga-zugi rumfar maƙera, muka haƙa murhu a gaban jama'a. Baba ya tsaya ya ce shi Habu ya yi wa Nyabo ƙazafi, ƙarfensa ba shi da aibi, laifin daga gidansa ne. Bai ambaci sunana ba. Ni na matso na faɗi nawa da bakina, na nuna ƙwayoyin. Sannan na raba curin biyu, na kai rabi fari, Hamma ya riƙe masaba, muka fitar da fartanya a gaban kowa ba tsaga ko ɗaya. Zan faɗi gaskiya game da taron: bai kai rabin na ranar farko ba. Damina ta kankama, mutane suna gona. Waɗanda suka tsaya sun ce Allah ya kyauta, wani ya ce Habu dattijo ne, wani kuma na ji shi yana cewa ai rufa wa aboki asiri ake yi, aka ɗora wa yaro. Maƙeran sun riga sun ɗanɗana ƙarfen mota, wanda ba ya cin gawayi kamar curi, babu wanda ya koma. Ba zan ce ni na kashe narkar tama a ƙasar nan ba. Ko ba ni, ƙarfen mota zai zo, kuma na ji a wasu garuruwan ma haka ta faru. Abin da na kashe shi ne sunan mutum ɗaya. Da an bar shi, da ya ajiye sana'arsa yadda tsofaffi ke ajiyewa, ana cewa a da akwai ƙarfen Nyabo, ana nufin alheri.

Da muka koma gida Baba ya kira mu ni da Hamma. Ya ce maƙera ta Sale ce bayansa, wannan da ma haka yake. Sannan ya ce ni kada in ƙara hura wuta a rumfar muddin yana raye.

"Ba don tagulla ba," in ji shi. "Tagulla an kwashe ta da kwando ɗaya. Maƙeri in ya ga kore a wuta, ihu yake yi tun bai san ko mene ne ba. Kai sai ka ɗauko fensir."

Na nemi aiki a ma'aikatar gyaran motoci, inda nake har yanzu, kuma a nan ana yaba mini da yawan bincike. Baba ya ƙara shekara uku a duniya. Kullum da safe nakan je in gaishe shi a bakin rumfa, ya amsa da fara'a, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyarka, amma ƙafata ba ta ƙara tsallake dokin ƙofar ba har ya koma ga Allah. Hamma ya ce mini yanzu in shiga in na so. Ban shiga ba tukuna. Munduwa kuwa a Majidaɗi na saya daga baya, kamar kowa.

Fartanyar da muka ƙera a kasuwa ni na kai wa Nyabo da ƙafata, a madadin ta farko ta shekarar, wadda ba mu ba shi ba. Duk kaka nakan hau in gaishe shi. Bara na tarar da ita a jingine a bakin ɗakinsa, bakinta ya cinye ya koma kamar tafin hannu, damina biyar tana tonon doya a ƙasa mai tsakuwa. Na ɗauka na duba ta ciki da baya, na kai ta hasken rana na sake dubawa. Yana kallona daga inda yake zaune.

"Har yanzu ba ka gama ba?"

Na ce na gama.

Ɗayan rabin curin yana cikin akwatin da za ka sami wannan littafi, tare da ƙwayoyin tagulla a ƙullin tsumma. Duk ranar da ka ji an ce ƙarfen Nyabo a gabanka, ko a kasuwa ne, ko a bakin wanda ya girme ka, kada ka jira ka koma gida ka duba abin da na rubuta. Ka buɗe baki a nan take ka ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau, ubanka ne ya ɓata wutar.